Riƙon Tsohuwar Mota Don Sha'awa: Misalin Peugeot 504

Wannan sharhi ya shafi wata sha'awa da ta daɗe da kafuwa a Turai da Amurka, wadda kuma take da 'yan tsirarun mabiya a biranen Najeriya da Nijar, wato riƙon tsohuwar mota da kula da lafiyarta da inganta wasu sassanta, ba don mai ita ya kasa sayen sabuwa ba, sai don ƙaunar da yake yi wa ƙirarta da zamanin da ta fito. Akwai tazara mai yawa tsakanin wanda yake hawan akwala domin iyakar ƙarfinsa ke nan, da wanda ya nemi mota mai shekara 40 da gangan, ya zuba mata kuɗi da lokaci. Na farkon burinsa shi ne motar ta kai shi inda za shi yau, ko da kuwa da waya aka ɗaure salansarta, kuma babu mai ganin laifinsa. Na biyun kuwa so yake motar ta ƙara shekaru masu yawa tana nan yadda maƙeranta suka yi ta, saboda haka gyaran a-lallaɓa da yake ceton na farko shi ne yake kashe motar na biyu.

Ƙungiyar duniya ta masu riƙon tsofaffin ababen hawa, wadda aka kafa a 1966 ake kuma kiranta FIVA a taƙaice, ta bayyana motar tarihi da cewa ita ce wadda ta kai aƙalla shekara 30, aka adana ta bisa siffarta ta asali, kuma ba a mayar da ita abin hawan yau da kullum ba. A ƙasar Hausa ido bai riga ya saba da wannan ba, domin har yanzu da yawan mutane idan suka ga magidanci cikin tsohuwar mota, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne arziki ya karye. Sai dai tushen sha'awar ba baƙo ba ne, domin mutumin da yake kiwon doki shekara guda cur, yana sayen dusa da harawa da kanwa, yana biyan mai yi masa hidima, alhali ba zai hau shi sosai ba sai ranar hawan salla, ya riga ya san ma'anar kashe kuɗi a kan abin hawan da ba riba ake nema da shi ba.

Idan ana neman motar da ta fi cancanta a yi misali da ita a wannan yanki, babu kamar Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. An fara nuna ta a Faransa a watan Satumba na 1968, bayan yajin aikin da ya girgiza ƙasar a watan Mayu na wannan shekara ya jinkirta fitowarta, kuma kamfanin zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara siffar jikinta. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Sunan da ta yi a Afirka kuwa a kan hanyoyin ƙasa ta samo shi, musamman bayan da direba Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita a 1975, sannan Jean-Pierre Nicolas ya sake lashe shi a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. A shekarar 1975 ɗin ne kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna, har akwai lokacin da ake ɗauko sassan ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, kafin a wuce da su Kaduna. An daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983, amma aka ci gaba da haɗa ta a Ajantina har 1999, a Kenya har 2004, a Kaduna kuwa har tsakiyar shekarun 2000, ta yadda Najeriya ta kasance cikin wuraren ƙarshe a duniya da sabuwar 504 ta fito daga masana'anta. Ta yi aikin gwamnati a matsayin motar manyan ma'aikata, ta yi aikin 'yan sanda, doguwarta mai layin kujeru uku ta yi jigilar fasinja tsakanin garuruwa daga Kano har Senegal, mai buɗaɗɗen baya kuma ta ɗauki hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin ƙauye.

Abin da ya sa ta jure wannan wahala yana cikin ƙirarta. Injinta mai silinda huɗu, wanda ya fara da girman sisi 1796 kafin a ɗaga shi zuwa sisi 1971 a shekarar 1970, ba shi da kwamfuta ko wata na'ura mai sarƙaƙiya, kuma kusan duk abin da ke cikinsa ana iya kwancewa da sifana da sukundireba. Ƙarfin injin yana zuwa ƙafafun baya ne ta farfela, wato doguwar sandar da ke juyawa a ƙarƙashin mota, wadda a wannan ƙira aka sa ta cikin bututun ƙarfe da ke kare ta daga duwatsu da yashi. Sifirin da shakazobarta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, shi ya sa take haɗiye ramuka ba tare da ta jijjiga na ciki ba. Waɗannan siffofi su ne ainihin motar, kuma duk wani gyara ko ƙari da za a yi mata, da su ya kamata a auna shi.

Abin takaici shi ne motar da ta cika titunan Arewa shekaru 30 da suka wuce yanzu ta yi ƙaranci, musamman mai lafiyayyen jiki. Aikin haya ya cinye mafi yawansu, sauran kuma masu sayen ƙarafa suna yanka su suna sayarwa bisa nauyi ga kamfanonin narka ƙarfe. Saboda haka matakin farko ga mai sha'awa shi ne zaɓen motar da za a fara da ita, kuma a nan ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce lafiyar bodi ta fi lafiyar inji muhimmanci. Salun ɗin 504 ba ta da casis daban da aka ɗora jiki a kai. Jikin ne da kansa yake ɗauke da nauyin komai, don haka tsatsar da ta ci daɓen ƙasa, ko gefen ƙarƙashin ƙofofi, ko inda shakazoba ke kamawa, ta taɓa ƙashin bayan motar ne kai tsaye. Inji ana sauke shi a gyara cikin 'yan makonni, amma jikin da ya ruɓe ko ya karkace sakamakon haɗari yana iya cin kuɗin da ya ninka darajar motar, kuma da wuya ya koma daidai. Mai duba mota yana bukatar ɗaga kafet, ya leƙa ƙasan but, ya shiga ƙarƙashi da fitila, ya kuma bi jikin da maganaɗisu, domin duk inda maganaɗisun ya ƙi kamawa alama ce an cike wurin da fila, wato ƙullun da masu gyaran bodi ke shafawa don rufe lotsawa ko rami. Busasshen yanayin Arewa yana da fa'ida a nan, domin motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi yawanci ta fi wadda ta zauna a bakin teku a Legas ko Kwatano tsira daga tsatsa, ko da yake rana ta kan gasa robobinta, ta tsattsage dasbod, ta kuma dusashe fenti. Sai kuma takardu: lambar jiki da lambar inji dole su yi daidai da abin da ke rubuce, domin duk kyan mota, idan asalinta yana da duhu, ta zama abin fargaba ga mai ita a kowane shingen hanya.

Kuskuren da ya fi yawa bayan an sayi motar shi ne fara aiki daga abin da ido ke gani. Sai a kai ta wurin mai fenti, a ɗinka sababbin kujeru, a sa rediyo mai ƙarfin murya, alhali man birkin da ke cikinta ba a san shekarar da aka zuba shi ba. Tsarin da ya dace ya saɓa wa wannan gaba ɗaya: a fara da abin da ke tsayar da mota, a bi da abin da ke hana injinta lalacewa, fenti kuwa shi ne na ƙarshe, ko don kanikawa da masu walda kada su goge shi yayin da suke aiki. Man birki na yau da kullum yana da ɗabi'ar tsotsar danshi daga iska, kuma idan ruwa ya yi yawa a cikinsa sai ya riƙa tafasa da wuri lokacin da birki ya ɗauki zafi, a gangara mai tsawo irin ta hanyar Jos misali, sai direba ya taka feda ya ji ta tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa ake son a juye shi duk bayan shekara biyu, a kuma canza tiyoyin roba da ke kai shi ƙafafu, domin su kan kumbura daga ciki ba tare da an ga alama a waje ba. Taya ma tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma shekarunta suna rubuce a gefenta da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida zuwa goma, komai zurfin zanenta, ba abin dogaro ba ce a kan kwalta mai zafi.

Batun sanyaya inji ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne yawancin waɗannan motoci suke mutuwa, kuma nan ne wata al'ada mara tushe ta yi kaka-gida a garejoji. Gangar injin 504 baƙin ƙarfe ce, murfinta na sama kuwa, wanda kanikawa ke kira tof-silinda, na alminiyom ne, kuma waɗannan ƙarafa biyu ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi. Da zarar inji ya wuce kima wajen zafi, murfin yana iya lanƙwasa, gaskit ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Maganin da aka saba yi shi ne a cire tamostat a jefar, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai zafin aiki kafin ya sake shi zuwa lagireto, bisa hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Tamostat mai lafiya a buɗe yake gaba ɗaya idan inji ya yi zafi, saboda haka ba shi ne ke jawo tafasa ba. Cire shi kawai yana sa inji ya daɗe bai kai zafin da ya kamata ba, musamman da safiyar hunturu, ya ƙara shan fetur, sassansa kuma su riƙa cin juna da sauri. Ainihin masu laifin su ne lagireton da ya toshe, da famfon ruwan da fikafikansa suka cinye, da fambel da ya saki, da murfin lagireton da ya daina riƙe matsi, alhali wannan matsin ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba. Toshewar kuwa galibi daga ruwan rijiya ko na burtsatse take samo asali, domin yana barin farar ƙasa da tsatsa a cikin ƙananan hanyoyin ruwa. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na musamman, mai ɗauke da sinadarin hana tsatsa, a gauraya shi da tataccen ruwa, kuma kuɗinsa na shekara bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba.

Idan har ta kai ga buɗe injin, akwai wani abu da ke bambanta ƙwararren bakanike da ɗan koyo. A wannan inji kowane fistan yana hawa da sauka ne cikin wani bututun ƙarfe da ake iya zarewa, wanda ake kira silib, kuma ruwan sanyaya yana kewaye da shi kai tsaye, sai wani siririn zobe a gindinsa da ke hana ruwan gangarawa cikin baƙin mai. Fa'idar wannan ƙira ita ce idan inji ya tsufa ba sai an kai gangar wurin masu rarake ba, sai dai a sa sababbin silib da fistan da ringi, ya koma kamar sabo. Haɗarinta kuma shi ne idan aka ɗage murfin sama, sannan wani ya juya injin da hannu ba tare da an danne silib ɗin da ƙarafan riƙo ba, sai fistan ya ɗaga su kaɗan, zoben gindin ya motsa, a rufe inji ana ganin an gama, bayan kwana biyu a zaro sandar auna mai a tarar da shi ya yi fari kamar kunu. Tsofaffin kanikawan Fijo sun san wannan sarai, har da yadda ake auna ɗan tsinin da bakin silib ya kamata ya yi sama da fuskar ganga, da tsarin da ake bi wajen ɗaure kusoshin murfin ɗaya bayan ɗaya da sifana mai auna ƙarfi.

Kafireto, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, da distiributa, mai raba wuta zuwa fulogogi, su ne wuraren da mai mota zai iya koyon aiki da hannunsa. A cikin distiributa akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu da ake kira kwantak, masu buɗewa da rufewa dubban sau a minti ɗaya, kuma ratar da ke tsakaninsu idan sun buɗe ba ta wuce kimanin milimita 0.4 ba. Yayin da suke cinyewa ratar tana sauyawa, lokacin tashin wuta ya goce, mota ta fara wuyar tashi da safe ko ta riƙa shaƙewa idan an taka totur, sai a ɗora wa kafireto laifi, a yi ta murɗa sukurorinsa har a ɓata saitinsa. Ƙa'idar ita ce a daidaita bawul da wuta tukuna, kafireto ya zo daga baya. A nan ne ake samun ɗaya daga cikin ingantawa mafi amfani, wato maye gurbin kwantak da 'yar na'urar lantarki mai aiki da maganaɗisu, wadda ba ta cinyewa, take shiga cikin distiributa ba tare da an gan ta daga waje ba, kuma ana iya cire ta a mayar da na asali cikin rabin sa'a. Matatar iska ma tana son kulawa fiye da yadda littattafan Turai suka tanada, domin ƙurar hunturu idan ta samu hanyar shiga inji aikin takardar goge ƙarfe take yi wa ringi.

Wayarin mota mai shekara 40 yakan bushe ya fara karyewa, kuma sau da yawa za a tarar rewaya bayan rewaya sun yi ta ƙulle-ƙulle a cikinsa, wani ma ya sa zaren waya a madadin fis, wanda hakan kai tsaye gayyatar gobara ne. Gyara wannan, da sa rile ga fitilun gaba domin wuta ta isa gare su kai tsaye daga batir su ƙara haske, da sa bel mai kamu uku a kujeru, irin wanda kamfanin Volvo ya fara fitarwa a 1959, duk ƙari ne da babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi.

Jayayyar tana farawa ne daga manyan sauye-sauye. A 2013 wata takardar ƙa'idoji ta FIVA, da aka fi sani da Yarjejeniyar Turin, ta fara aiki, kuma daga cikin abin da ta yi nuni da shi akwai cewa sauyin da za a yi wa motar tarihi ya kamata ya mutunta siffarta ta asali, a rubuta shi, kuma gwargwadon hali ya zama wanda za a iya warwarewa. Wannan ma'auni ya fi kowanne dacewa, kuma yana raba abubuwa cikin sauƙi. Sa giya mai biyar da aka ciro daga Peugeot 505, ƙanwar 504 da ta fito a 1979 kuma suke dangin inji ɗaya, sauyi ne da ke rage kukan inji da shan mai a doguwar hanya ba tare da ya canza halin motar ba. Sa fankar lantarki a gaban lagireto saboda cunkoson birni haka ne. Mayar da na'urar sanyaya ɗaki daga tsohon gas na R12, wanda aka daina amfani da shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, zuwa sabon gas, dole ce ma ba zaɓi ba. Amma yanke sifirin don mota ta sauka ƙasa, da sa mata faffaɗan rim da siririyar taya, rushe ainihin abin da ya sa aka san ta ne, domin taushin tafiyarta yana cikin tsayin sifirin da kaurin gefen taya. Haka ma huda dasbod don a liƙa allo, ko yanka ƙofa don lasifika, ɓarna ce da ba ta da magani, saboda waɗannan sassa sun fi inji wuyar samu a yau.

Canza inji gaba ɗaya da na wani kamfani, kamar yadda wasu ke sa na Toyota, yana da hujjarsa ga mai neman abinci da motar, kuma an ga irinsa a Kyuba, inda rashin kayan gyara bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a farkon shekarun 1960 ya tilasta wa masu tsofaffin motocin Amurka sa musu injunan dizal na wasu ƙasashe. Amma wannan dabarar larura ce, kuma wanda yake riƙe da mota don tarihinta ya kamata ya san cewa da ya yi haka, abin da ya rage a hannunsa jiki ne kawai. Ƙari a kan haka, injin da ya fi na asali ƙarfi yana bukatar birki da ƙafafu da suka dace da shi, yana kuma bukatar a sabunta takardu domin lambar inji ta sauya. Idan har dole ta sa aka yi, to a ajiye tsohon injin a wuri busasshe, a zuba masa mai a silinda, kada a sayar wa masu ƙarafa.

Tun bayan sanarwar cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, wani zaɓi ya ƙara samun karɓuwa, wato mayar da mota ta riƙa aiki da matsattsiyar iskar gas, wadda ake kira CNG. Injin mai kafireto yana karɓar wannan sauyi ba tare da wahala ba, kuma ana iya barin layin fetur yana nan, don haka ya shiga sahun abin da ake iya warwarewa. Sai dai tukunyar tana riƙe da matsi da ya kai kimanin 200 a ma'aunin bar, wanda ya ninka na iskar taya sau da dama, saboda haka tukunyar da aka haɗa da walda a gefen hanya ko aka aro daga ta girki ba ta da wuri a cikin mota ko kaɗan. Nauyinta kuma yana zama a but, ya danne sifirin baya, ƙarfin inji ya ɗan ragu. Ga motar da ba ta fita sai ƙarshen mako, da wuya ragin kuɗin mai ya biya kuɗin sauyin.

Kayan gyara har yanzu ana samunsu, kuma wannan gado ne na shekarun da aka yi ana haɗa motar a Kaduna. Kasuwar Fanteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, da Nkwo a Nnewi, da Suame a Kumasi ta Ghana, wurare ne da mai haƙurin bincike zai iya dacewa. Matsalar ita ce jabu ya yi yawa, har ta kai tsohon abu na asali da aka ciro daga wata mota ya kan fi sabo mai ƙyalli a kwali aminci, musamman a ɓangaren kafireto da distiributa da makullan ƙofa. Amma ga boris da robobin ƙafa da kayan birki, tsoho ba shi da amfani, sai a nemi sabo daga maƙeri sananne ko da ya fi tsada. Abubuwan da suka fi wuya su ne na ado: fitilun gaba masu kusurwa da aka san fuskar motar da su, da ƙarafan gefe masu sheƙi, da robobin gilashi, kuma duk wanda ya ci karo da su a farashi mai sauƙi ya kan saya ya ajiye ko da bai bukace su a lokacin ba.

Abin da ya fi kayan gyara saurin ƙarewa shi ne masu sanin aikin. Kanikawan da suka koyi sana'a a zamanin da Fijo ke mulkin hanya sun manyanta, matasan da ke garejoji yanzu kuma sun tashi ne da motocin da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu, kuma ba laifinsu ba ne, domin can kasuwa take. Saita kafireto da kunne, ko gane ƙarar sarƙar inji daga ƙarar bawul, ilimi ne da yake baki da hannu, ba a rubuta shi da Hausa ba. Don haka mai sha'awa na gaskiya ba ya ajiye mota a gareji ya tafi. Yana zama kusa da tsohon bakanike, yana tambaya, yana kallon abin da aka cire da abin da aka sa, yana biyan haƙƙin aiki ba tare da ƙwauro ba, yana kuma neman littafin gyaran motar, wanda ake samu da Turanci da Faransanci, domin a haɗa gogewar hannu da ma'aunin da maƙera suka rubuta. Yana da kyau kuma ya buɗe wa motar kundi, ya riƙa rubuta ranar kowane juye, da adadin kilomita, da abin da aka canza da inda aka sayo shi, domin wannan kundi ne zai nuna wa bakanike na gaba, ko magajin motar, abin da aka taɓa da abin da yake na asali.

Ta fuskar kuɗi, gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce abin da ake kashewa wajen farfaɗo da salun ta yau da kullum yawanci ya kan wuce abin da za a saye ta, kuma samfuran da ke tsada a kasuwannin Turai su ne mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda ba a haɗa a Kaduna ba. Ajiya ma tana da nata sharaɗin, domin zama wuri ɗaya ya fi tafiya illa ga tsohuwar mota: fetur yana daskarewa ya toshe ƙananan ramukan kafireto cikin 'yan watanni, birki ya kama, robobi su bushe, ɓeraye su shiga wayarin. Ana son a ajiye ta a inuwa mai iska, ba a ƙarƙashin leda mai tara gumi ba, a cire kan batir idan za ta daɗe, sannan a fitar da ita aƙalla sau biyu a wata a yi tafiyar da za ta sa inji ya kai cikakken zafinsa, domin kunna ta na minti biyar a tsakar gida ruwa kawai yake tarawa a salansa da cikin baƙin mai.